Mangwaron Kaka Ba Ya Ja

Duk gidanmu sun ɗauki tatsuniyar nan a baibai. Inna, Yaya Lawali, 'ya'yan baffanninmu, kowa ka tambaya zai ce maka tatsuniyar haƙuri ce. Ba ita ba ce. Ni na sani, domin ni kaɗai nake kaiwa ƙarshenta ido biyu. Su rabin farko suka ji, barci ya kwashe su, suka girma suna yi mini wa'azi da rabin labari.

Kakar da ta ba mu ita tana nan da rai a Dumega. Ta tsufa ƙwarai, kuma shekara biyu ke nan ban taka ƙofar ɗakinta ba, ga ni nan Dogondutsi, tafiyar da ba ta cin rabin yini. Zan zo kan dalili. Bari in fara da wutar.

Lokacin ɗari, da an idar da isha'i, Kaka takan ɗebo garwashi daga murhun Inna a cikin wani tsohon kasko mai ɓallen baki, ta kai tsakiyar ɗakinta. Ta ɗora 'yan guntayen icen sabara, ta tura rogo biyu ko uku cikin toka. Mu shida ne jikokin da ke kwana gunta, kowa da zanen rufarsa, muna ture-turen wurin da ya fi ɗumi. Ɗakin yana warin hayaƙi da man shanu da daddawar da take ɓoyewa a ƙwarya saman rataya. Hannunta ba ya zama banza, ko tana ɓarar gyaɗa ko tana murza igiyar kaba a cinya. In wuta ta lafa sai ta miƙa ƙafa ta tura icen da babban yatsa, ba ta ko duba ba.

Sunan mahaifiyarta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Uwata take ce mini, ko lokacin da take zagina.

"Uwata, janye gwiwarki daga wuta. In kinka ƙone mi zan ce ma mutane, na gasa wadda ta haihe ni?"

Tatsuniyoyinta da yawa, amma ta mangwaro sau ɗaya take ba da ita a shekara, a makon da icenta na garka ya yi fure. Tana da garka, ɗan ƙaramin lambu, a bakin fadama, da ice ɗaya tal na mangwaro wanda ta ce da hannunta ta shuka ƙwallonsa shekarar da aka kawo ta gidan. Ranar da muka ga ta dawo da ɓurɓushin fure a ɗankwali, mun san abin da za mu ji da dare.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ce, "Ga ta can ta taso daga fadama, ƙahwarta duk laka." Mu kuma mu amsa, "Ta wanke ta shigo."

Wai an yi wani manomi mai 'ya'ya mata biyu, Tani babba, Talatu ƙarama. Ciwo ya kwantar da shi tun girbi, an yi jiƙo an yi turare, ba sauƙi. Sai 'yan matan suka tafi bakin fadama gun wata doguwa, iskar da ke zaune a gindin icen mangwaro, suka durƙusa suka faɗi abin da ya kawo su. Nan Kaka takan shaƙe murya ta miƙe wuya.

"Iccen ga ɗiya biyu za shi yi bana, ba ƙari. Guda naki, guda naki, kuma kowa nata za ta taɓa. Wadda ta kai ma ubanku nata ranar da ya isa, za shi tashi."

Suka ce, yaya za su san ranar? Doguwa ta ce shi da kansa zai gaya musu.

Ice ya yi fure, furen ya zube, 'ya'ya biyu suka fito. Talatu ta ga nata ya kai ƙwan zabuwa, ta ji tarin uban daga ɗaki, ta kasa zama. Ta ruga ta hau ice ta fizgo shi. Ruwan ƙusarsa, wato ɗan tsinken da ke riƙe shi a reshe, ya fantsamo mata a baki ya sale mata leɓe. Ta kai wa uban, ya gatsa sau ɗaya, tsami ya kashe masa haƙora, ya tofar, tarin ya ƙaru. Gari duka ya sa ta gaba. Mata a bakin rijiya suna nuna ta da haɓa, yara suna bin ta suna kiranta mai salallen baki.

Kaka ta iya wannan wurin. Takan murguɗe fuska irin ta wanda ya gatsa ɗanyen mangwaro, har ido ɗaya ya rufe, mu yi ta birgima. Kuma duk shekara, daidai nan, kowa sai ya juyo ya dube ni. Ni ce mai ɗebo tuwo tun bai huce ba, ni ce mai tone gyaɗar da aka shuka jiya in ga ko ta tsiro. Yaya Lawali ya ce, "Ga Talatun gidanmu nan," a sake sabuwar dariya. Sai Kaka ta tono rogon, ta ɓare, ta rarraba. Ciki ya cika, jiki ya yi ɗumi, an yi dariyar da aka zo yi. Kafin ta share hannu, wannan ya jingina da wancan, Yaya ya buɗe baki yana minshari.

Ni haushi ba ya barina in yi barci. Kuma ban taɓa iya barin labari a tsakiya ba.

"Sai me, Kaka?"

"Ke ba ki gajiya?"

"Babbar fa? Ai saura nata."

Takan dube ni ta cikin hayaƙi, ta rage murya don kada ta ta da sauran, ta ci gaba ba tare da murguɗe-murguɗen fuska ba.

Tani ta ga abin da ya sami ƙanwarta, ta rantse ba za a yi mata dariya ba. Ta ce ba za ta je gindin icen ba sai ya yi ja. Ta zauna gida tana daka tana shara, mutane suna shi mata albarka, suna cewa ga 'yar da ta san haƙuri. In makiyaya sun dawo daga fadama da yamma sai ta leƙa ta kan darni ta tambaye su ko ya yi ja. Su ce kore ne shar. Ta koma ta zauna.

Talatu kuwa, da salallen bakinta, ba ta da sauran abin tsinka, amma kunya ta hana ta zama cikin gari. Kullum tana gindin icen tana kallon na yayarta. Ta ga ranar da cikinsa ya cika. Ta ga ranar da kafaɗunsa suka taso suka wuce ƙusa. Ta ga ranar da fatarsa ta daina sheƙi ta yi fari-fari kamar an busa mata gari. Ta rugo gida.

"Yaya, tashi, ya isa."

"Ya yi ja?"

"Bai yi ba, amma ya isa."

"Ke da kinka ƙone baki za ki koya mini?"

Kwana uku Talatu tana zuwa tana roƙonta. Ran na huɗu aka wayi gari jemagu sun sha shi, sai ƙwallo fari fat a ƙasa. Icen ba irin mai ja ba ne. Tani ta je ta faɗi gaban doguwa tana kuka, ta ce an cuce ta, an ce zai faɗa bai faɗa ba. Doguwa ta ce, "Kwana ukku shina hwaɗi. Wadda ta zo ta ji." Kafin ruwan farko aka rufe uban.

Shekarar da na fara jin wannan, na tashi zaune.

"Ya mutu?"

"Ya mutu."

"Ki sake shi. Ki ce Talatu ta tsinko ta kai masa."

"Ba ni na kashe shi ba, Uwata. Haka na iske ta." Ta tura sauran icen cikin toka. "Ta koma fadama, ta bar muna laka. Kwanta."

Na kwanta, amma na juya mata baya don ta san ban yarda ba. Can na ji ta ja zanenta ta ƙara mini a kan nawa.

Da bazara ta zo ta fara tafiya da ni garka. Ba don na fi sauran hankali ba, don na fi su naci ne. Icenta irin na tatsuniyar ne, ba ya ja. Ko ya nuna lugub, bayansa kore ne, ciki kuwa kamar gwaiduwar ƙwai, ba zare, ba tsami. Baƙo in ya wuce sai ya ce saura wata guda. Yaran gari ma ba su cika jifansa ba, sun fi bin na maƙwabta masu kunci ja, kuma Kaka ba ta taɓa gyara musu kuskuren ba.

Ba ta barinsa ya yi laushi a sama. Ta ce wanda ya yi laushi a ice ba naka ba ne, na jemage ne, in ma ya tsira daga jemage ya faɗo ya fashe, tururuwa ta gaje shi. Kuma ba ta yarda a kakkaɓe ice rana ɗaya. Kullum da hantsi za ta zagaya shi a hankali, hannu a baya, kamar mai duba marasa lafiya. Ta tsaya gun ɗaya ta nuna mini da sanda.

"Dubi kahwaɗa. Shekaranjiya ƙusa ta hi su tsawo. Yau hwa?"

Na duba. Wurin da ƙusar ta kama ya lotsa, gefe da gefe sun taso.

"Tallabe shi. Kada ki ja. Na ce tallabe, Uwata, ba kokawa na aike ki ba."

Na sa tafin hannu ƙarƙashinsa na ɗaga kaɗan, na karkata shi gefe. Ƙusar ta saki da kanta, ƙas, ya zauna mini a hannu da nauyinsa. Ruwan da ya fito ɗan ɗigo ne, ba irin mai fantsama ba. Na kusa da shi na yi masa haka, ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, ta buge mini hannu.

"Ya ce miki a'a. Ki dawo jibi ki sake tambaya tai."

Wanda take shakka a kai takan jefa shi cikin guga a bakin rijiya. In ya nutse ya ƙosa, in ya taso sama ta yi tsaki ta ce ta yi ɓarna, a yanka wa yara da gishiri da tanka mai yaji. Waɗanda suka ƙosa takan kife su a kan yashi ruwan ƙusar ya tsane, sannan ta jera su cikin tukunya ta rufe da dusa, ta tura bayan ƙofa. Kwana uku, huɗu, ƙanshi ya cika ɗakin har ya danne na daddawa. A rana ba ta wuce ta tsinko biyar ko bakwai. Haka muke shan icen nan fiye da wata guda, alhali na maƙwabta sun ƙare cikin mako.

Na taɓa tambayarta ranar nawa ga wata ya kamata a fara. Lokacin na shiga lakwal, makarantar boko, ina ji da kaina, ina so in rubuta a bayan littafi. Ta yi dariya har ta dafa ice.

"Tambayi mushenku, malamin nan naku, ko jemage na duba kalanda."

To, ga dalilin da na ce zan zo kansa. Na ci jarrabawar bireve, aka turo ni lise, babbar sakandare, a Dogondutsi, na zauna gidan Yaya Lawali. Kaka ba ta san mene ne lise ba, amma ta bi gida-gida tana gaya wa mutane uwarta za ta zama lokotoro ta dawo ta yi mata allura. Na zauna jarrabawar bak, ta fita daga lise, na faɗi. Na sake zama na sake faɗuwa, wannan karon da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wanda ya fi na farko ciwo. Na ce wa Inna kada a gaya wa Kaka, a ce mata karatu ne ya riƙe ni. Na ce ba zan je ba sai da takardar a hannu. Sallah ta zo ban je ba, wata Sallar ta zo ban je ba. Da safe ina tsaron shagon Yaya, da yamma ina bitar darussa, na sake sa sunana a karo na uku.

Abin mamaki, tun da aka haife ni ba a taɓa yabona kamar a shekarun nan biyu ba. Matar Yaya tana cewa na natsu. Inna tana gaya wa dangi Dutsi ta gyara ni. Ni ma na yarda. Yabo yana da daɗi ga wadda ta saba da "ke dai ba ki da haƙuri."

Shekaranjiya Inna ta kira ni a waya. Bayan gaisuwa ta kawo maganar Kaka. Ta ce bara Kaka tana zuwa garka da sanda, bana ba ta iya kaiwa ko ƙofar gida. 'Ya'yan baffa sun tsinko mata mangwaro cikin kwano, ta shafa ɗaya ta ture, ta ce wane mara tarbiyya ne ya yi wa icenta fashi. Na yi dariya, na ce ashe bakin yana nan. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce ranar Talata Kaka ta kira ta da sunan wata ƙanwar ita Kakar da ta rasu tun kafin a auro ita Inna. Ta ce wasu ranakun garau take, wasu kuma sai an tuna mata an ci tuwo.

"Amma duk magariba sai ta tambaya ko Uwata ta zo," in ji Inna. "Dā na san ke take nuhi. Yanzu wani bi ban sani ba, ko ke, ko uwarta ta ainihi."

Na gaya wa Yaya a shago yana auna wa wata yarinya sukari. Yaya yanzu ya tara gemu ya ɗage wando, in ka ambaci doguwa a gabansa sai ya nemi tsari ya ce shirmen tsofaffi ne. Amma Talatu bai yar da ita ba, ya ajiye ta musamman domina.

"Saura wata biyu jarrabawa," ya ce. "Ki daure ki gama, ki tahi mata da abin da za ta yi murna da shi. Kada ki yi muna irin na Talatu."

"Yaya, uban nan na cikin tatsuniyar, mi ya same shi a ƙarshe?"

"Ya warke mana. Babbar ta jira nata ya nuna ta kai mishi."

"Wa ya gaya maka?"

"Ai haka take."

"Mutuwa ya yi. Kana minshari aka kai shi."

Ya tsaya da gwangwanin awo a hannu. Yarinyar ta dube shi ta dube ni. Na ba shi sauran a taƙaice, abin da ya kwana bai ji ba shekara da shekaru. Ya ɗaure sukarin ya miƙa mata, ya ɗauki buta ya fita, alhali la'asar ba ta yi ba.

Ba wai ina zagin haƙuri ba ne. Ban taɓa ganin mai haƙuri kamar Kaka ba. Amma nata haƙurin da ƙafa take yin sa, kullum da hantsi, cikin zafin bazara, ta je ta duba ta taɓa ta dawo hannu banza in ta kama. Abin da na yi shekara biyu ina yi ba shi ba ne. Ni tsoron ido nake ji. Ina tsoron matan da ta bi gida-gida ta gaya wa, ina tsoron in durƙusa gabanta in ce ban zama komai ba. Sai na zauna nesa ina tambayar Inna ta waya, kamar mai leƙe ta kan darni, aka sa wa abin suna mai kyau, na karɓa.

Na daɗe ina jin haushin Kaka da ta bar su suna kirana Talatu, ba ta taɓa ta da su ta ce su ji ƙarshen ba. Yanzu ina ganin ba ta damu da su ji ba. Rogon ma, ina zargin da gangan take tono shi a daidai wurin nan. Zan so in tambaye ta. Ban sani ba ko zan iske ta a ranar da za ta iya amsawa, kuma duk kwanan da na ƙara a nan, irin ranakun nan raguwa suke.

Jarrabawa tana nan, ba inda za ta. Littattafan lissafi da na falsafa na sa su a jaka, a ɗakinta ma ana iya karatu. Na gaya wa Yaya ya nemi mai zama masa shago daga gobe. Da ya dawo daga masallaci bai yi gardama ba, ya dai ɗauko sabulu biyu da ganyen shayi daga kan kanta ya tura mini, ya ce in ce yana gaishe ta, shi ma yana tafe ran Juma'a.

Motar farko mai bi ta Tibiri zan shiga. In na sauka ba zan tsaya gaishe-gaishen tsakar gida ba, ɗakinta zan wuce. Zan zauna inda za ta iya kai hannu ga fuskata, in gaya mata da bakina na faɗi sau biyu, ba karatu ne ya riƙe ni ba. In ta gane ni ta zage ni, na gode Allah. In kuma ta ɗauka ɗayar uwar ce ta zo, zan amsa.